Alhaji, Bar Kwanon Nan

Ɗan haya mai ba da ciwon kai iri uku ne. Akwai mai "albashi bai shigo ba", wanda albashinsa ya shekara yana hanya. Akwai wanda ya rantse shi da matarsa ne kaɗai, bayan mako biyu ka ƙirga takalma ashirin a bakin ƙofa. Na uku ya fi haɗari: zai durƙusa har ƙasa, "ranka ya daɗe, Alhaji", ya zuba maka addu'a har ka ji kunyar tambayar kuɗinka.

Wasu masu gida sun gano magani. Sai damina ta kankama su kira kafinta ya kware kwanon ɗaki, wai gyara. A ranar ne mai bin bashi yake komawa wanda ake ƙara, domin doka ba ta yarda ka fitar da mutum da ƙarfin tuwo ba.

A Abuja da Legas, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biya shekara-shekara notis ɗin wata shida yake samu, mai biya wata-wata na wata ɗaya. Sai na kwana bakwai, sannan kotu. Kafin nan a gwada dillalin da ya kawo shi, mai unguwa, da liman.

Rigakafi dai ya fi magani: takarda, shaidu, rasit. Kuma kafin ka ba sabon ɗan haya ɗaki, ka tambayi tsohon mai gidansa. In ya yabe shi, har ya ce shi zai biya kuɗin motar kwashe kaya, riƙe makullinka.