Yadda Za Ka Ci Ɗanye a Illela Ba Tare da Ka Ɓata da Mai Kifi Ba

Wani salo ya shigo wayoyin samarinmu, wai a jingine tukunya a koma cin komai ɗanye. A Turai abin ya daɗe, don tun wajen 1900 wani likita a Zurik, Maximilian Bircher-Benner, yake ciyar da majinyatansa ɗanyun 'ya'yan itace. Masu bin salon a yau sun ce abinci yana nan a ɗanyensa muddin zafinsa bai haura digiri 48 ba. To ɗan uwa, in kana Illela a watan Afrilu, fara da kai tumatirinka inuwa, don ranarmu kaɗai ta kusa dafa maka shi.

Ranar Lahadi ka ɗauki buhu ka shiga kasuwa. Ga albasar Galmi da ke tsallako iyaka ta Ƙonni, ga latas, kabeji, karas, gurji da yalo, ga kankana, rake, aya da dabino. Duk waɗannan naka ne, ba ruwansu da murhu. Wanke su da ruwa mai tsabta, ka sake wankewa, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo.

Inda za ka sha mamaki shi ne wajen kwaɗo. Zogalen nan tafasa shi aka yi. Ƙuli-ƙulin da ke ciki soyayye ne. Garin rogo ya sha kasko, fura ta dahu cikin tafasasshen ruwa, kilishi ma bayan shanya sai da ya ga garwashi. Kada ka guje su. Da yawa daga masu bin salon kashi 75 cikin 100 kawai suke ci ɗanye, sauran dafaffe, don haka kwanon Inna yana da gurbi. Rogo da wake kuwa, kada ma ka gwada su ɗanye: rogo yana ɗauke da guba da sai jiƙa da dahuwa ke korar ta, wake kuma zai murɗe maka ciki.

Sai kifi, uban gardama. Wani zai ce maka ai Japanawa ɗanye suke ci. Gaskiya ne, amma galibi kifin teku ne, kuma ƙa'idar hukumar abinci ta Amurka ita ce a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7 don kashe tsutsotsi. Wace firij ce a unguwarku za ta yi mako guda ba a ɗauke mata wuta ba? Namu kuwa tarwaɗa ce da karfasa, 'ya'yan tafki irin Kalmalo da gulbin Rima, kuma kifin ruwan daɗi kan ɗauki tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta. Ba na son ganin ka kwance a asibiti saboda bidiyon minti biyu.

Banda ma ta sha wuta da hayaƙi, ba ta cikin ɗanye. Saboda haka je wurin mai kifi ka ce, "Malam, gasa mini har naman ya yi fari ya saki ƙaya." In ya naɗe maka, ka zuba ɗanyar albasa da tumatir da kabeji har su rufe kifin, ka barbaɗa yaji, ka matsa lemun tsami.