Ba Kowane Ciwon Wuya Ne Beli Ba

Gobirawa jikokin Bawa Jan Gwarzo, na san ba a faɗa muku magana sau ɗaya ku ɗauka, shi ya sa na taho da tabarmata.

Da yaro ya ce wuya, sai ku ce: "Beli na, a kirawo wanzam!" Haba jama'a, daga Sabon Birni har Isa duk ciwo beli ne? Can gindin harshe akwai wani ɗan murfi mai rufe hanyar iska idan za a haɗiyi abinci. Ƙwayar cutar da ake kira Hib in ta kama shi, sai ya kumbura ya toshe numfashi cikin 'yan sa'o'i. Askar wanzami ba ta kai can, kuma gara da ba ta kai.

Ga kamanninsa. Yaro ya sha kununsa da safe lafiya lau, kafin la'asar jiki ya yi zafi rau. Yawu na dalala don haɗiya ta gagara, murya kamar ya cika baki da tuwo mai zafi. Ya zauna ya dafa ƙasa, ya miƙa wuya gaba, ya ƙi kwanciya ko da alkawarin alewa. Numfashi na ƙara, tari kuwa kusan babu.

Na jiyo Inna tana cewa, "Bari in sa cokali in gani." Inna, don girman Allah mayar da cokalinki kwano. Danne harshen ko sa shi kuka na iya rufe 'yar kafar da ta rage. Likita ma ba ya leƙawa sai da bututun numfashi a kusa. Kada a kwantar da shi, kada a ɗura masa jiƙo. A riƙe shi zaune a cinya, sai asibiti: iskar oksijin, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Baba zai ce, "Kakanninmu da wanzam sunka rayu." Baba, Turawa ma sun gwada wanzancin. A Disambar 1799 wuyan George Washington, shugaban Amurka na farko, ya kumbura, likitocinsa suka yi ta ɗibar jininsa, ranar 14 ga wata ya cika. Likitoci da yawa a yau na ganin wannan ciwon ne.

Hanyar Sakkwato kuwa kun fi ni saninta, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 2012 allurar Penta ta shiga rigakafin yara a Najeriya, kyauta, a sati 6 da 10 da 14, tana kare su daga Hib har da mashaƙo.

Ku da jaririnku ke jure tsage a kumatu biyu, allura uku a cinya ce za ta ba ku tsoro? Ku ɗauko katin rigakafi, ku kai yaran.