Alhaji, Daina Taɓe Baki

Ranka ya daɗe Alhaji, na ga ka taɓe baki. Wai waƙar soyayya aikin samari ce, masu waya a hannu aljihu wayam, shi kuwa mai furfura sai carbi da buzu. Hajiya ma daga bayan labule tana cewa, "Allah ya sawwaƙe, da jikokina?" To, jika ne ke magana, kun kuwa san ba a fushi da wasan jika.

Mu fara da Zuhairu bin Abi Sulma, ɗaya daga cikin masu Mu'allaƙa, waƙoƙin da malamai ke biya wa ɗalibai a zaure don su ƙware a lugga. Da bakinsa ya faɗa cewa ya kai shekara 80, har rayuwa ta ishe shi. Maƙasudin waƙar yabon manya biyu ne da suka sasanta ƙabilun Absu da Zubyana bayan dogon yaƙi. Amma da wa tsohon ya buɗe? Da Ummu Aufa, matar da suka rabu, da kufan gidansu da ya je ya tsaya a kai bayan shekara 20, da ƙyar ya gane wurin.

Za ka ce ai wannan mutumin Jahiliyya ne. Madalla. Ɗansa Ka'abu fa? Ya je Madina neman afuwa, ya rera waƙarsa a gaban Manzon Allah (SAW), farkonta kuwa begen Su'ada ne da ta yi ƙaura. Ba a kore shi ba, mayafi aka yafa masa.

Hajiya, kar ki yi dariya, kanki zan dawo. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta haura shekara 50 lokacin da mijinta Waziri Giɗaɗo ya rasu. Ta ɗauki alƙalami ta yi masa marsiyya, ta kuma yi wa aminiyarta A'isha. Ko kin fi ta kunya ne?

Saurayi abin da yake fata yake rerawa, bai taɓa jinyar kowa ba, bai san ranar babu ba. Tsoho kuwa abin da ya gani yake faɗa, shi ya sa aka ce da tsohuwar zuma ake magani. Kai da kake neman tabarau alhali yana goshinka, a tambaye ka launin zanen da Hajiya ta ɗaura ranar da ka fara ganinta a dandali, ko numfashi ba za ka ja ba. Wannan ai rabin waƙa ne, saura amsa-amo.

Don haka Alhaji, ko baiti biyu ne ka tsara, ka karanta mata yau bayan isha'i. Idan ta ce ka tsufa ba ka daina shiririta ba, ta ji daɗi ke nan. Kada ka jira marsiyya, domin wanda aka yi wa ita ba ya ji.