Ranar da Rasidin Taki Ya Koma Rawar Afan

Mu mutanen Kafanchan ba baƙin haɗe-haɗe ba ne. Tun 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu a garinmu, wani ya nufi Kaduna, wani ya haura Jos. Intanet mara waya ma, Gidauniyar Fantsuam ta Bayan Loko ta kawo shi tun ƙauyuka da dama ba su san sunansa ba. Amma haɗa kwamfuta huɗu kacal a ofishin ƙungiyarmu ta manoman citta ya so ya raba ni da kujerar sakatare.

Bayan cutar da ta ruɓar da citta a kudancin Kaduna a 2023, masu ba da rance suka ƙara tsanani, kowace naira sai an ga takardarta. Sai na tsara rahoto a Word, kowane kuɗin da aka kashe na maƙala masa mahaɗi, shuɗin rubutun nan mai layi a ƙasa, wanda in ka latsa zai buɗe hoton rasidin da ke ajiye a uwar kwamfutar ofis. A teburina komai na buɗewa lami lafiya, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Ranar da baƙi masu ba da rance suka iso daga Kaduna, Ciyaman ya ce da tasa kwamfutar za a haska a bango. Ya kai linzami kan "Rasidin taki" ya latsa, shiru. Ya ƙara latsawa har tebur na girgiza.

"Ranka ya daɗe, sai an danne Ctrl tukuna."

"To me ya hana ka faɗa tun da safe?"

Ya danne, ya latsa. Sai ga Ciyaman da kansa ya cika bango, cikin kayan mafarauta, baka a hannu, ƙafa ɗaya a sama, yana tiƙar rawa a bikin Afan na Kagoro. Babban baƙon ya gyara tabarau, ya ce, "Ciyaman, wannan takin buhu nawa ne?"

Ido ya raina fata. Aka latsa "Kuɗin lebura", kwamfuta ta ce ba ta san wannan fayil ba. Ciyaman ya juyo ya ce, "Sakatare, kai da wa kuka ƙulla mini wannan?" Mama Ma'aji kuwa ta ce abin nan akwai hannu a ciki, a tashi a yi addu'a.

Wani yaro ɗan bautar ƙasa da muke aika sayen ƙosai ne ya cece ni. Ya danna Alt da F9, sai shuɗin rubutun ya tuɓe, adireshin da ke ɓoye a ƙarƙashinsa ya fito fili.

"Oga, ai mahaɗi ba ya ɗauke da rasidi, kwatance kawai yake riƙewa. Naka ya ce a je Z, a shiga foldar Hotuna, a ɗauko lamba 1. A kwamfutarka Z na nufin ma'ajiyar ƙungiya, a ta Baba Ciyaman kuwa Z na nufin tasa ma'ajiyar. Tamkar mai juya layi ne ya tura jirgin Kaduna zuwa Jos."

Ashe na'urar ɗaukar hoton takardu da wayar Ciyaman duk lamba suka raɗa wa hotuna. Na ɗayanmu taki, na ɗayansa rawa.

Batun lebura kuma, da aka bi diddigi, Mama Ma'aji ce ta ga sunan foldar "Rasidai" ya yi mata tsirara, ta mayar da shi "Rasidai Sababbi Na Gaskiya". Word kuwa ba ya bin sawun foldar da aka sauya wa suna. Nan take ta janye batun addu'a.

Yaron ya yi amfani da nema-da-musanya, ya cire Z daga kowane mahaɗi, ya sa cikakken sunan uwar kwamfutar mai farawa da karkatattun sanduna biyu, wanda duk kwamfutocin ofis suka sani da ma'ana ɗaya. Ya zaɓi rubutun gaba ɗaya ya danna F9. Muka gyara zama, Ciyaman ya latsa da ƙarfin gwiwa, sai ko ɗaya ya ƙi buɗewa. Mun kusa rufe yaron da faɗa, sai muka tarar masinja ya zare wayar uwar kwamfutar daga soket ya jona cajin wayarsa.

Rancen dai an ba mu, bayan babban baƙon ya roƙi a tura masa hoton rawar.

Don haka sakatarori 'yan'uwana, daga Kwoi har Zonkwa: ku rubuta cikakken adireshi, ku raɗa wa kowane rasidi suna irin na mutane, ku hana kowa taɓa sunan folda, ku liƙe soket da salatif. Sannan kafin baƙi su zauna, ku gwada rahoton a kwamfutar Ciyaman, ƙofa a rufe.