Me Ya Kai Mai Digirin Fiziks Kasuwar Kuɗi?

Tun ban ce uffan ba na hango ku kuna taɓe baki. Ga Kawu can ya tura hula gaban goshi, wai yaro ya shekara huɗu yana fama da fiziks, ƙarshenta ya je ya zama mai ƙirga kuɗin wasu? Ga Malam Akanta ya rungume takardar shaidarsa, yana tambayar wa ya ba ɗan kimiyya izinin shiga gonarsu. Ustaz kuwa bai tanka ba tukuna, amma jan carbin ya ƙara sauri. To ku matso duka, yau da ku nake.

Sana'ar da ta tayar muku da hankali ita ce ta kwant, wato mutumin da banki ko kamfanin zuba jari ke biya don ya sa lissafi da kwamfuta su yanka wa haja farashi, su auna haɗarin asara, ko su yi saye da sayarwa da kansu.

Malam Akanta, a yi haƙuri, gonar nan ba gadonka ba ce. A 1900 wani ɗalibin lissafi a Paris, Louis Bachelier, ya rubuta kundin digirinsa a kan yadda farashi ke tangaɗi a kasuwar hannun jari, yau sama gobe ƙasa ba tare da an san inda ya dosa ba. Sai bayan shekara biyar, a 1905, Einstein ya fito da irin wannan lissafi don bayyana yadda ƙananan ƙwayoyi ke rawa a cikin ruwa. Ka ga ke nan a kasuwa lissafin ya fara kwana kafin ya ƙarasa ɗakin gwaji. Aikin Bachelier ya yi kusan shekara hamsin a kwance ba mai waiwayarsa, har masana tattalin arziki irin su Paul Samuelson suka kakkaɓe masa ƙura.

A 1973 aka zo gangaren. Fischer Black, wanda fiziks ya fara karantawa a Harvard, shi da Myron Scholes suka fitar da dabarar yanka farashin takardar zaɓi. Takardar nan tamkar kafin alƙalami take: ka biya ɗan wani abu yau don a ajiye maka haƙƙin sayen kaya a kan farashin da aka tsayar, in ranar ta zo ka ga ba riba ka fasa, abin da ka bayar ne kawai ya tafi. Nawa ya kamata kafin alƙalamin ya zama? Da aka warware lissafin nasu, sai ga shi ya rikiɗe ya zama lissafin yadda zafi ke bin sandar ƙarfe idan an sa bakinta a wuta, abin da ɗalibin fiziks ya sha a aji tun yana aji biyu ko uku. A shekarar ce kuma aka buɗe kasuwar takardun zaɓi a Chicago. Daga nan bankuna suka fara leƙa sashen kimiyya suna neman ma'aikata.

Kawu, kai ka ce ƙirga kuɗin wasu ko? Bari in gabatar maka da Jim Simons. Yana da shekara 30 aka ba shi shugabancin sashen lissafi na jami'ar Stony Brook, har yau 'yan fiziks na aiki da ka'idar da ke ɗauke da sunansa da na Chern. A 1978 ya ajiye alli ya shiga kasuwa, a 1982 kamfaninsa ya zama Renaissance Technologies. Bai cika ɗaukar waɗanda suka goge a Wall Street ba. Masana taurari yake ɗauka, da 'yan fiziks, da mutanen IBM da suka ƙware wajen koya wa kwamfuta gane maganar ɗan Adam. Ɗan jaridar da ya rubuta tarihinsa, Gregory Zuckerman, ya ƙiyasta cewa asusun kamfanin mai suna Medallion ya riƙa kawo ribar kusan kashi 66 cikin ɗari a shekara daga 1988 zuwa 2018, kafin a cire ladan masu juya kuɗin. Zauna, Kawu, ina za ka? Na ga ka fara laluben aljihu. Asusun ba ya karɓar kuɗin bare, na ma'aikatan gidan ne kawai. Ɗazu ba kai ne ke cewa aikin banza ba ne?

Kuma ba kowa ne kwaɗayi ya kai shi ba, wasu rashin aiki ne ya kora su. A 1993 majalisar Amurka ta soke gagarumin injin karo da ƙwayoyin zarra da ake haƙa wa rami a Texas, bayan an kashe kusan dala biliyan 2, masu digirin digirgir suka bazama neman abin yi. Emanuel Derman, haifaffen Cape Town, ya riga su ganin hanya: tun 1985 ya bar Bell Labs ya koma Goldman Sachs.

Yanzu ga irin tambayar da ake yi wa mai neman wannan aiki, ku ma ku gwada. Za ka jefa ɗan ludo mai fuska shida, kowane ɗigo naira 100. Nawa ya dace ka biya ka shiga? Ka tara ɗaya zuwa shida ka raba shida, ka samu uku da rabi, wato naira 350. To idan aka ce in jifan farko bai yi maka ba kana iya sake jefawa sau ɗaya fa? Mai hankali zai riƙe huɗu, biyar ko shida, tunda sun fi uku da rabi, tsakaitarsu naira 500 ke nan. In uku ko ƙasa da haka ta fito, ya sake jifa ya koma kan 350. Rabi da rabi, amsa 425. Naira 75 ɗin da ta ƙaru ita ce kuɗin zaɓi. Wanda ya gane wannan ya kama bakin zaren abin da Black da Scholes suka yi.

Yauwa, Ustaz ya ajiye carbi. “Ba na faɗa ba? Caca ce!” Allah ya gafarta Malam, ba zan yi maka musu da yawa ba. Ɗaya daga cikin iyayen sana'ar, Edward Thorp, a gidajen cacar Nevada ya fara gwada lissafinsa kafin ya koma kasuwa, kuma kaso mai tsoka na aikin a New York da Landan kuɗin ruwa ne da takardun da yawancin malaman mu'amala ba su yarda da su ba. Fatawa taku ce, ba zan taɓa muku ita ba. Sai dai ina da tambaya. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017 don gyaran hanyoyi, ga kamfanonin takaful, ga kuɗin fanshon ma'aikata da ake juyawa. Wa zai auna musu haɗari? Bankin da ba ya cin kuɗin ruwa ma yana iya karyewa idan ba mai lissafi a ciki.

To ga inda za ku dara, na ba ku fili. Kamfanin LTCM, wanda Scholes da Robert Merton ke cikin masu shi, ya ga an ba mutanen nan biyu kyautar Nobel a 1997. Shekara na zagayowa Rasha ta kasa biyan bashinta, kamfanin ya tafka asarar kusan dala biliyan 4.6 cikin watanni kaɗan, sai da babban bankin Amurka reshen New York ya tara bankuna 14 suka yi karo-karo suka tare ɓarnar. A watan Agustan 2012 kuma manhajar kamfanin Knight Capital ta haukace, ta cinye dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45. Ku dara da kyau, kun ci wannan.

Kun gama? To abin da ya kayar da LTCM shi ne yarda da lissafi fiye da kima. Ƙarfe ba ya jin tsoro, zafi zai bi shi yau yadda ya bi shi jiya, amma 'yan kasuwa in suka firgita gaba ɗaya suke rugawa ƙofa guda. Ga kuma tarkon da ke kama sababbin shiga: a tara mutum 1,024 kowa ya jefa kwabo sau 10, ana sa ran a samu ɗaya da fuskar da aka zaɓa tun farko za ta fito masa duk goman. Gwani ne? Haka wanda ya gwada dabaru dubu a kan farashin shekarun baya dole ya tsinci wadda ta yi kyau, kuma sa'a ce tsagwaronta. Abin da ake saye a wurin ɗan kimiyya shi ne tarbiyyar da ɗakin gwaji ya yi masa, ta ƙin yarda da sakamako mai daɗi sai ya bi shi da bincike ya ga ko ƙarya ne. Wato, jama'a, wannan shakkar da kuka zo da ita kuna hura hanci, ita ce babban jarin sana'ar. Lissafin ne kawai ba ku da shi.

Kai kuma ɗan digiri da ke murmushi a baya, rufe bakinka. Kwalin kaɗai ba ya buɗe ƙofar nan. Sai ka iya lissafin yiwuwa da ƙididdiga kamar sunanka, ka iya rubuta manhaja da Python, in da hali da C++, ka kuma san abin da ake sayarwa a kasuwar. Manyan kujerun suna New York da Landan da Chicago da Hong Kong, takararsu da zafi, da yawa masu digiri na biyu ko na uku ne ke nema. A gida akwai sashen auna haɗari na bankuna da kamfanonin fansho da na inshora. Cibiyar AIMS, da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana da Kamaru da Senegal da Ruwanda tana horar da masu lissafi, WorldQuant University kuma na koyar da digiri na biyu a wannan fanni ta intanet ba tare da kuɗin makaranta ba.

Kafin ka cika kowace takarda, ɗauko biro. Ɗan ludon nan, an ba ka damar jifa har sau uku, nawa za ka biya? Amsar ta wuce naira 460, ba ta kai 470 ba. In ka fito da ita da kanka, je ka fara koyon Python. Kawu, kai ma an yarda ka gwada, amma ban da leƙen takardar yaro.