Kanikawan Dole a Sansanin Hutu

A Amurka akwai ɗakin tafi-da-gidanka da ake ƙulla wa mota a baya, da gado da kicin da banɗaki a ciki, iyali su ja shi zuwa bakin tafki su yi hutu. Yawanci a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, kuma a 2021, lokacin da korona ta sa mutane gudun jirgi da otal, masana'antu sun fitar da irin waɗannan ɗakuna da motoci masu ɗaki a ciki sama da 600,000. To, gidan da ke shan girgizar titi ba ya rabuwa da noti mai kwancewa, layin bakanike kuwa sai a yi makonni ana jira. Dole kowa ya koyi gyara, kuma a nan hali ke fitowa.

Ga ɗalibin YouTube. An ce masa boris ɗin taya na son sabon giris duk shekara ko bayan mil 12,000, sai ya bari sai da ya shiga daji sannan ya ɗaga jak. Waya a hannun hagu, sifana a dama. Sabis ya ɗauke daidai inda mai bidiyon ya gama kwancewa, bai kai ga mayarwa ba. Yanzu ga ƙarafa jere a kan tawul ɗin uwargida, yana kallonsu suna kallonsa.

Maƙwabcinsa ya sayi akwatin kayan aiki da ya fi firjinsa nauyi. Da fitilu suka mutu, ashe fiyus ne ya ƙone, shi kaɗai ne kuma babu a akwatin.

Akwai wanda iliminsa bai wuce abu biyu ba: abin da ke motsi ya naɗe shi da salatif, wanda ya ƙi motsi ya fesa masa man WD-40. Rufi na yoyo, ya manna. Ruwan ya ci gaba da bin cikin bango a ɓoye har katakon ƙasa ya ruɓe.

Amma jarrabawar gaske tankin banɗaki ne, a yi mini afuwa. Ƙa'idar ba wuya: a bar bawul a rufe har tanki ya kusa cika, a fara juye na bayan gida, sannan na ruwan wanka ya biyo ya wanke tiyo. Sabon shiga mai wayo sai ya bar shi a buɗe don ya huta. Ruwa ya tsiyaye, sauran ya taru ya bushe ya zama tsauni. Ɗan'uwansa kuma shi ne mai jan bawul bai ɗaura tiyo da kyau ba, sanye da silifas. Duk sansanin zai san sunansa kafin azahar.

Mai "sai gobe" yana Minnesota. Bai juye ruwan bututu ba, bai zuba jan maganin hana daskarewa ba, ƙanƙara ta yi aikinta. A watan Afrilu ya kunna famfo, ruwa ya fito ta ƙarƙashin gado.

Kada a manta dattijon da ke zuwa taron Quartzsite na Arizona duk Janairu da ɗakinsa mai ƙyalli ƙirar Airstream. Hannu a aljihu, kofi a ɗaya hannun, bai taɓa miƙo filaya ba. Sai ka gama zai ce, "Da ni ne, ba haka zan yi ba."

Wadda ta iya kuwa ba ta da surutu. Ita ce ta karanta littafin da kamfani ya bayar, tana auna iskar taya da safe kafin a tashi, ta san lambobi huɗun da ke gefen taya mako ne da shekarar da aka ƙera ta. Mijinta ne dai ke karɓar yabo. In Allah ya kai ka can, yi fakin kusa da ita, ka kuma bar tazara mai yawa tsakaninka da mai silifas.