Ranar da Na Kai Amarya Aji

Shekara tara ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a kudancin Jihar Gombe, kuma duk shekara in muka iso darasin dabbobi masu jan ciki sai na zana maciji a allo. Zanen bai taɓa fita ba. Wata shekara yara suka ce igiyar guga ce, wata shekara suka ce taliya. Abin na cin raina, domin a yankinmu maciji ba labarin littafi ba ne. Ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba, kuma da damina da kaka cika yake yi. Da wuya ka sami yaro a ajina da bai san wanda kububuwa ta sara ba. Amma tambaye su bambancin kububuwa da kasa da gamsheƙa da mesa, amsar ɗaya ce: "Malam, duk a kashe." Ban ga laifinsu ba. Tun da Bayajida ya sare kan macijin rijiyar Kusugu ya auri Daurama, kowane Bahaushe gani yake kashe maciji na da tukuici.

Sai na ji labarin cewa a Amurka da Ingila akan kai macizan da aka raina a gida cikin aji, yara su gani, har su shafa. Na ce ashe abin da ya rage mini ke nan.

Akwai wani dattijo a garinmu, tsohon ma'aikacin gandun daji, duk muna ce masa Baba. Yana kiwon wata ƙaramar mesa, irin wadda Turawa ke yi wa laƙabi da mesar ƙwallo. Tsawonta bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, ba ta da dafi, kuma da ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta tsakiyar jikinta. Irinta ake kwasa daga Ghana da Togo da Binin ana kai wa Turawa suna ajiyewa a falo kamar kyanwa. Saboda wannan rufe fuskar da take yi, Baba ya sa mata suna Amarya.

Da sunan nan aka fara jawo mini fitina. Ina tsakar gida ina waya, ban san uwargida na bayan labule ba.

"Baba, gobe bayan la'asar zan zo in ɗauki Amarya. A gidana za ta kwana. E, na san tana da kunya, zan bi ta a hankali."

A daren nan tuwo ya zo, miya ba ta biyo shi ba. Na yi rantse-rantse, na yi bayani dalla-dalla, na ce mesa ce, maciji ce. Uwargida ta dube ni ta ce, "Da farko dai, Malam, ba a kiran sunansa da dare, igiyar ƙasa ake cewa. Na biyu kuma, da ma matar ce. Kishiya ko ba komai tana sallama kafin ta shigo ɗaki." Washegari ta kwashi yara ta tafi gidan yayarta kwana.

Baba ya ba ni Amarya cikin rigar filo, ya ɗaure bakin, ya sa a kwali. Ya ce ta ci ɓeranta tun makon jiya, ba ta bukatar komai. Sannan ya kafa mini sharuɗɗa. Kada in fito da ita sai na cusa wa yaran cewa wannan daban ce, kada wani ya je daji ya sunkuci abin da ya gani. In ta naɗe ni, ta wutsiya ake warwarewa, ba ta kai ba. Kuma in lura, ba ta son sanyi.

"Ka ji ni kuwa, Malam?"

"Na ji, Baba."

Biyu na ji. Na ukun ya bi iska, don hankalina na kan kwalin da ke motsi.

Bari in faɗi gaskiya tun kafin a tona ni: tsoron maciji nake yi. Sau ɗaya na taɓa Amarya, da ɗan yatsa, Baba na riƙe da kanta. A daren da ta kwana gidana na ajiye kwalin a ɗakin girki, na ɗora turmi a kai, na rufe ƙofa, na tare da buhun masara, sannan na kwana zaune da tocila.

Kafin in isa makaranta labari ya riga ni. Ma'ajin makaranta ya tare ni a bakin ofis, ya rage murya ya ce, tun da a 2018 an ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurdi, ko zan taimaka in ratso da tawa ta ofishinsa, masu binciken kuɗi na tafe mako mai zuwa. Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Watan Janairu ne, hunturu na kaɗawa, tagogin ajin kuwa sun manta rabonsu da marfi. Yara sama da 70 sun cika ɗaki, har da na wasu azuzuwan da suka sato jiki. Na fara da sharaɗin Baba, kuma wallahi ban taɓa darasi mai daɗin wannan ba. Na ce musu kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe-da-nisa, 'yar guntuwa ce, ba ta cika wuce rabin mita da yawa ba, amma ita ta fi kashe mutane a ƙasar nan tamu. In ta fusata takan goga ɓawon jikinta da juna, ka ji "ssss" kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Gamsheƙa tofi take yi tana neman ido, maganin farko shi ne a wanke da ruwa mai yawa. Kasa ƙatuwa ce mai nauyin jiki, kwanciya take a hanya ba ta gudu, sai an taka ta. Na rubuta a allo da manyan baƙaƙe: ba ɗaure ƙafa tamau, ba tsagawa da reza, ba tsotsa, ba ɓata lokaci kan baƙin dutse. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Na rufe da cewa, "Tsoro jahilci ne. Wanda ya san abu ba ya jin tsoronsa." Har na ɗaga yatsa sama.

Sannan na kwance rigar filon.

Amarya ta fito a dunƙule kamar curin fura, na ɗora ta a tafin hannu. 'Yan layin gaba suka koma na baya, 'yan baya suka hau benci. Da suka ga ba ta motsi sai suka fara matsowa. Ta zaro kai a hankali, tana wurga harshe. Na ce da harshen take shinshina, ba cizo take da shi ba. Ba ta ƙifta ido don ba ta da fatar ido. Ba ta da kunne a waje, motsin ƙasa ta fi ji, saboda haka duk waƙar da gardi ke rerawa a kasuwa ku yake yi wa, ba ita ba. Wata yarinya ta shafa bayanta ta ce, "Malam, ashe ba ta da yauƙi!" Na ji kaina ya yi girma.

Ina cikin bayanin cewa jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, sai ya nemi wuri mai ɗumi, Amarya ta ga ya kamata a gwada a aikace. A duk faɗin ajin nan, wuri mai ɗumi mafi kusa shi ne hannun kaftanina.

Kafin in ankara rabinta ya shige. Na ji sanyi na bin damtsena, ya kai hammata, ya zagaya ta baya. Na tsaya ƙiƙam, hannu a miƙe kamar ɗan sandan ba da hannu. Bakina na karanto duk addu'ar da ta zo, har da ta shiga kasuwa. Monita ya ce, "Malam, wannan ma cikin darasin ne?" Na ce, "E," da wata murya da ban san ina da ita ba.

Shirun da ajin ya yi ne ya jawo firinsifal, domin bai taɓa jin ajin nan ya yi shiru ba. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, a kan kujera yake salla. Ya shigo yana dogara sanda, ya duba tebur, ya leƙa kwali.

"Malam, ina abin da aka ce ka kawo?"

"Ranka ya daɗe, tana... kusa."

A daidai nan Amarya ta ɓullo ta wuyan rigata, gefen kunnena, ta wurga masa harshe. Ban ga fitarsa ba. Yara sun tabbatar mini ta taga ya bi, kuma sandarsa da takalminsa ɗaya a ajin aka tsince su.

Ihunsa ya kirawo maigadi, ya shigo da gora a sama. Matsalar ita ce abin da yake son duka yana naɗe a wuyana, kuma na lura bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Yaran da ɗazu ke cewa duk a kashe, su suka sha gabansa. "Baba maigadi, mesa ce! Ba ta da dafi! Dubi zanen bayanta!" Wani har yana nuna masa allo. Sai wata 'yar ƙanƙanuwar yarinya, 'yar makiyaya, wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba, ta zo ta ce, "Malam, durƙusa." Na durƙusa. Ta ɗaga gefen rigata, ta lalubo wutsiyar, ta warware ta a hankali kamar mai kwance rawani, ta mayar da ita rigar filo, ta ɗaure. Sannan ta ce, "Malam, tsoro jahilci ne." Ba da raini ta faɗa ba. A littafinta ta rubuta shi.

Takardar tuhuma ta same ni kafin a tashi. An ce in bayyana cikin awa 24 dalilin shigo da dabba makaranta ba izini. Na amsa da ladabi, na haɗa da takalmin. A jarrabawar ƙarshen zango kuwa, tambayar saran maciji ce kaɗai kowa ya ci, har waɗanda ba su iya rubuta sunansu daidai ba.

Abin da ban hango ba shi ne sunan da gari ya sa mini: Malam Gardi. Yanzu duk gidan da aka ga abu ya gifta a rumbu ko a makewayi, yara sukan hana a taɓa shi, su ce a ja baya a kira Malam. Makon jiya, wajen goma na dare, aka yi ta dukan ƙofa, wai wani baƙi wuluk ya shige ƙarƙashin gadon wata Hajiya. Na lallaɓa bayan buhun masara, na yi wa uwargida alama da hannu ta ce ba na nan. Ta leƙa zaure, ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji:

"Ku yi haƙuri, yau ba kwanana ba ne. Yana wajen Amarya."